Ƙarin bayani: Yadda marar jari ke samun rancen fara sana'a a ƙasar Haɗeja

A duk shekara, da zarar ruwan damina ya fara janyewa daga fadamun kogin Haɗeja a Jihar Jigawa, tambaya ɗaya ce ke yawo a bakin matasan yankin: ina za a samo kuɗin farawa?

Wani yana son ya kama fili ya yi noman rani a Auyo. Wani yana son ya riƙa saro bandar kifi a kasuwar kifi ta Haɗeja yana kaiwa Kano. Wata kuma so take ta sayi tukunya da shanshera ta shiga sana'ar gyaran shinkafa. Da yawansu sun gama makaranta, amma ba su taɓa riƙe kasuwanci ba, kuma ba su da abin da za su bayar jingina.

Amsar a taƙaice ba mai daɗin ji ba ce. Da wuya a sami banki, na gwamnati ne ko na 'yan kasuwa, da zai miƙa kuɗi ga wanda ba shi da jari, ba shi da ƙwarewa, ba shi kuma da wanda zai tsaya masa. Abin da ake kira rance ba tare da jingina ba, idan aka duba da kyau, rance ne da aka maye gurbin jinginar da wani abu daban: mai tsayawa, ko ƙungiya, ko shaidar horo, ko tarihin biyan ƙananan basussuka. Saboda haka aikin mai nema shi ne ya san wane ne daga cikin waɗannan zai iya samarwa, sannan ya san wa zai ɗauki asara idan abin ya ƙi.

Me ya sa banki ke gudun sabon shiga?

Kuɗin da banki ke rantawa na masu ajiya ne, kuma Babban Bankin Nijeriya na tilasta wa bankuna ware wani kaso daga ribarsu domin cike gurbin duk bashin da ya maƙale. Kafin a amince da rance, ma'aikacin banki kan duba halin mai nema, da kuɗin da ke shiga da fita a sana'arsa, da abin da shi kansa ya zuba, da jingina, da kuma yanayin kasuwar. Sabon shiga ba shi da abin nunawa a uku daga cikin biyar ɗin nan.

Batun jingina ya fi tsanani a karkara. A ƙarƙashin dokar mallakar ƙasa ta 1978, ƙasa na hannun gwamnan jiha ne a matsayin amana, kuma abin da bankunan kasuwanci suka fi karɓa shi ne takardar shaidar mallaka mai sa hannun hukuma. Akasarin gonakin fadama na gado ne, dangi da mai unguwa da dagaci ne shaidarsu. Mutum na iya noma gonar da kakansa ya noma, amma a idon banki ba shi da komai.

An yi ƙoƙarin sassauta wannan. A shekara ta 2016 Babban Bankin ya buɗe rajistar kayan jingina ta ƙasa, sannan a 2017 aka sa hannu a kan dokar da ta ba da damar jinginar da kadarorin da ake iya ɗauka, kamar babur, da injin ban ruwa, da dabbobi, da amfanin gona. Dokar na nan tana aiki, sai dai ba ta tilasta wa kowane banki karɓar irin wannan jingina ba.

Kazalika, akwai tazara tsakanin jama'a da bankunan su kansu. Binciken da ƙungiyar EFInA ta gudanar a 2023 ya nuna cewa kashi 26 cikin ɗari na baligai a Nijeriya ba sa mu'amala da kowace irin cibiyar hada-hadar kuɗi, kuma a shiyyar arewa maso yamma adadin ya kusa rabi.

Kogi da haɗarinsa

Ba za a fahimci batun rance a ƙasar Haɗeja ba sai an fahimci kogin. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas: Haɗeja, da Auyo, da Kafin Hausa, da Kaugama, da Malam Madori, da Birniwa, da Kirikasamma, da Guri. Shinkafa, da alkama, da kayan lambu, da kifi, da kiwo, duk sun dogara ne da yadda ruwa ya zo da yadda ya koma.

Tun bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin ta sauya. Ambaliyar da a da take malala a kan fadama ta janye a kan lokaci ta ragu, ruwa kuma ya koma gudana duk shekara a wasu rassan. Wannan ya ba ciyawar kacalla damar mamaye hanyoyin ruwa, ta toshe wasu, ta karkatar da ruwan zuwa gonaki da ƙauyuka, musamman a wajejen Guri da Kirikasamma. Kacallar kuma ta zama mafakar tsuntsaye jan-baki, waɗanda ke iya cinye gonar shinkafa cikin 'yan kwanaki.

An yi mummunar ambaliya a yankin a 2012, da 2018, da 2020, da kuma 2022. Manoman da suka ci bashin damina a waɗannan shekaru sun rasa amfanin, amma bashin bai tafi da ruwan ba.

A waje ɗaya kuma, kogin ne ke sa yankin ya zama wurin da ƙaramin jari ke iya haihuwa. Shirin Fadama na farko da Bankin Duniya ya tallafa a shekarun 1990 ya yaɗa rijiyoyin burtsatse marasa zurfi da ƙananan injinan ban ruwa, kuma Jigawa na cikin jihohin da aka fi mayar da hankali a kansu. A farkon 2023 tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya buɗe aikin noman rani na kwarin Haɗeja a Auyo, mai faɗin kusan hekta 6,000, bayan an gyara shi. A watan Nuwamban wannan shekarar kuma a yankin Haɗeja gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirinta na noman alkama da rani, inda aka sayar wa manoma iri da taki a kan rabin farashi.

Noman rani ya fi na damina tabbas ta fuskar ruwa, amma ya fi shi cin kuɗi. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin man injin ban ruwa ya zama ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke cinye ribar manomi, abin da ya sa wasu suka koma ga injina masu aiki da iskar gas ko hasken rana.

Jarin da ba ya bi ta banki

Tun kafin zuwan banki, Bahaushe yana da hanyoyin da marar jari ke zama mai jari, kuma har gobe su ne suka fi fitar da 'yan kasuwa.

Ta farko ita ce zama a ƙarƙashin ubangida. Yaro kan shiga shago ko ya bi fatake, ya yi shekaru yana awo, yana ɗaurin kaya, yana karɓo bashi, har ya san masu saye da masu sayarwa, ya san lokacin da farashi ke hawa da lokacin da yake sauka. Idan ubangidan ya gamsu da amanarsa, sai ya fara ba shi kaya ya sayar ya kawo uwar kuɗi, daga baya ya sallame shi da jari. A kan wannan tsari aka gina fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja, kuma da shi Alhaji Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, ya shimfiɗa wakilansa na sayen gyada a garuruwa. Ita ce hanya guda da ke magance matsalolin biyu lokaci ɗaya, wato rashin jari da rashin ƙwarewa. Aibinta shi ne tana cin shekaru, kuma babu rubutacciyar yarjejeniya. Idan aka haɗu da ubangida mai maƙo, ko ya rasu kafin sallama, yaron na iya tashi a tutar babu.

Akwai kuma bashin kaya. A kasuwar kifi ta Haɗeja, da kasuwannin hatsi irin na Gujungu da Malam Madori, ba kowane ciniki ake yi da kuɗi hannu ba. Dillali ko fatoma kan tsaya wa baƙon mai saye, a ba shi kaya ya tafi da su, ya biya a kasuwa mai zuwa. Ba a cika takarda, amma kasuwa ba ta mantuwa. Wanda ya saɓa alkawari sau ɗaya, labarinsa kan riga shi isa kasuwar gaba.

Sai adashe, wanda mata suka fi riƙo da shi. Wanda ya yi kwasar farko, a zahiri rance ya karɓa ba tare da ruwa ba, wanda ya yi ta ƙarshe kuma ajiya ya yi. Wani sabon salo na adashen ya samo asali ne daga ƙasar Hausa: a 1991 ƙungiyar agaji ta CARE ta soma shirin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar. Mata kan riƙa zubi a akwati duk mako, su ranta wa junansu daga ciki, su raba abin da ya taru a ƙarshen zango. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Kuɗin da ake samu ba shi da yawa, amma ya isa sayen buhun shanshera na farko, kuma littafin zubin kan zama shaida idan ƙungiyar ta je gaban ƙaramin banki.

Ta huɗu ita ce wadda ya kamata a yi hattara da ita. Manomi kan karɓi kuɗi ko taki a hannun ɗan kasuwa da bazara, bisa sharaɗin zai biya da buhunan amfani idan kaka ta yi, abin da a wasu sassan ƙasar Hausa ake kira falle. Baturiyar nan mai bincike Polly Hill ta yi bayanin irin wannan bashi a nazarin da ta yi a Batagarawa kusa da Katsina, wanda aka buga a 1972. Kuɗin na zuwa da sauri, a kan lokaci, ba tare da zirga-zirga ba. Amma sau da yawa ana yanke farashin buhun ƙasa ƙwarai, ta yadda manomin zai yi wahalar shekara, ribar ta tafi ga mai kuɗi.

Kiradi da batun riba

Ga mafi yawan jama'ar Haɗeja, tambayar ba ta tsaya ga samun rance ba, har da halaccinsa. Alƙur'ani mai girma ya haramta riba a ƙarshen Suratul Baƙara, a wurin kuma ya yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci.

Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan yankin ya tanadi tsarin da ya yi daidai da halin marar jari, wato kiradi, wanda bankunan Musulunci ke kira mudaraba. Akwai babinsa a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, an kuma yi bayaninsa a Risala. Mai dukiya ya kawo kuɗi, mai aiki ya kawo ƙarfinsa da basirarsa, a yanke kason kowa daga cikin riba tun farko, rabi ne ko sulusi. Ba a yanke wa mai dukiya wani adadi tsayayye. Idan aka yi asara ba tare da sakaci ko ha'inci ba, mai dukiya ne ke ɗaukarta, shi kuma mai aiki ya yi asarar wahalarsa. Malamai kan kafa misali da fataucin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi zuwa Sham da dukiyar Nana Khadija.

A wurin da ruwa ke iya shafe gona a dare ɗaya, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Wanda ya ci bashin naira dubu 300 ambaliya ta cinye, yana nan da bashinsa. Wanda ya karɓi wannan adadi a matsayin kiradi, ya fita ba riba ba bashi. Dalilin ke nan ma da ya sa ba a samun kiradi sai a hannun wanda ya san mutum ciki da bai: kawu, ko suruki, ko tsohon ubangida.

Shari'a ta kuma halatta cinikin salam, inda ake biyan kuɗin amfanin gona gaba ɗaya tun kafin girbi, bisa sharaɗin a ambaci nau'i, da awo, da lokacin bayarwa. Wannan ciniki ne, ya bambanta da a ranta wa mutum buhu ɗaya ya biya biyu, wanda riba ce tsantsa.

Bankin Jaiz, na farko mai cikakken tsarin Musulunci a Nijeriya, ya fara aiki a watan Janairun 2012, TAJBank ya biyo baya a 2019, Lotus kuma a 2021. Sai dai abin da irin waɗannan bankuna suka fi yi shi ne murabaha: banki ya sayi injin ko kayan, ya sayar wa mai nema da ƙarin riba sananniya, ya biya a hankali. Babu ruwa a ciki, amma bashi ne, kuma su ma suna neman mai tsayawa ko jingina, galibi har da wani kaso na kuɗin daga aljihun mai nema.

Shirye-shiryen gwamnati

Tarihin rancen gwamnati ga talaka a Nijeriya ya haura shekaru hamsin, kuma yana cike da sauya suna. An kafa bankin manoma a Kaduna a 1973. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Bankin Al'umma, wato People's Bank, a 1989 domin ba da ƙananan rance ba tare da jingina ba. A shekara ta 2000 aka haɗe su biyun da shirin bunƙasa tattalin arzikin iyali na zamanin Janar Sani Abacha, a 2010 kuma aka raɗa wa haɗakar suna Bankin Manoma, wato BOA. Har yanzu yana ba da rance, akasari ta hanyar ƙungiyoyin gama kai, kuma yakan buƙaci mai nema ya buɗe asusu ya yi ajiya na wani lokaci tukuna.

Tsarin da ya fi daɗewa ba tare da mutuwa ba, wanda kuma mutane suka fi jahilta, shi ne asusun lamunin rancen noma da aka kafa da dokar soja ta 1977, ya fara aiki a 1978. Asusun ba ya ba da rance. Yana tsaya wa manomi ne a gaban banki, ya yi alkawarin biyan har kashi 75 cikin ɗari na abin da ya maƙale idan manomin ya gaza. Gyaran da aka yi wa dokar a 2019 ya ɗaga jarin asusun zuwa naira miliyan dubu 50, ya kuma ɗaga abin da za a iya ranta ba tare da jingina ba daga naira dubu 20 zuwa dubu 100. Da tsadar taki da mai ta yau, wannan adadi ba ya nome hekta guda ta shinkafa.

Ran 17 ga watan Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Jihar Kebbi, kuma manoman shinkafa da alkama na Jigawa sun shiga cikinsa. Ana haɗa manoma rukuni-rukuni, a ba su iri da taki da magani da ɗan kuɗin aiki a kan ruwa kashi 9 cikin ɗari, su biya da amfanin gona ta hannun kamfanin da zai saya. Shirin ya ƙara yawan shinkafar da ake nomawa, amma biyan bashin ya yi rauni ƙwarai. Ambaliya ta taimaka wajen hakan, haka ma isowar kaya a makare, da shigar waɗanda ba manoma ba, da kuma ɗaukar da wasu suka yi cewa rabonsu ne na arzikin ƙasa.

Haka abin ya kasance da shirin AGSMEIS na 2017, wanda ya fi kowanne kusa da bukatar sabon shiga, domin yana karɓar shaidar horo daga cibiyar koyar da kasuwanci da rubutaccen tsarin sana'a a madadin jingina, har zuwa naira miliyan 10. An kuma yi TraderMoni a 2018, wanda ya fara da naira dubu 10 ga masu ƙananan sana'o'i.

Bayan naɗa Olayemi Cardoso gwamnan Babban Bankin a 2023, bankin ya dakatar da karɓar sababbin buƙatu a shirye-shiryensa na rance, ya mayar da hankali ga karɓo basussukan baya. Duk wanda ya zo yau da fom yana cewa na Anchor Borrowers ne, ya kamata a tambaye shi daga ina.

A matakin jiha, gwamnatin Muhammad Badaru Abubakar, daga 2015 zuwa 2023, ta gwada ba da rancen kaya maimakon kuɗi: noman rukuni inda ake ba da iri da taki a biya bayan girbi, da kuma rancen awaki ga mata, inda ake ba mace awaki uku ta kiwata, ta mayar da uku daga baya domin a ba wata. Irin wannan ya fi wuyar karkatarwa zuwa hidimar biki ko suna. Irin waɗannan shirye-shirye kan sauya da sauyin gwamnati, don haka malaman gona na hukumar JARDA da ofishin ƙaramar hukuma ne wuraren da ake sanin wanda ke ci a kowace shekara.

Ƙananan bankuna da lissafin ruwa

A watan Disambar 2005 Babban Bankin ya fitar da manufar ƙananan bankuna, ya ba bankunan al'umma na garuruwa wa'adi zuwa ƙarshen 2007 su sauya. Tunanin ya samo asali ne daga Bangladesh, inda Farfesa Muhammad Yunus ya soma ranta wa matan ƙauye a 1976, ya kafa bankin Grameen, ya kuma sami lambar yabo ta Nobel a 2006. Mutum biyar zuwa goma ko fiye su haɗu su tsaya wa juna. Idan ɗaya ya gaza, sauran su biya ko a rufe wa kowa ƙofa.

Wannan ita ce ƙofar banki mafi sauƙin shiga ga marar jingina, amma ita ce mafi tsada. Ƙananan bankuna kan faɗi ruwansu a wata ne, ba a shekara ba. A ɗauki misali: an ranci naira dubu 200 na wata shida a kan kashi 5 cikin ɗari a wata. Ruwan zai kama naira dubu 10 duk wata, dubu 60 ke nan jimla. Amma idan ana biyan uwar kuɗin kashi-kashi tun daga watan farko, alhali ana lissafa ruwan a kan dubu 200 ɗin har ƙarshe, to mai rancen yana biyan ruwa ne a kan kuɗin da ya riga ya mayar, kuma ainihin tsadar ta zarce abin da aka faɗa masa da fiye da rabi. Ga kuɗin fom, da na inshora, da ajiyar dole da ake riƙewa.

Sannan akwai batun lokaci. Rancen da ake biya duk mako ya dace da mai shayi, ko mai gyaran shinkafa, ko mai na'urar POS, waɗanda kuɗi ke shigo musu kullum. Bai dace da mai shinkafar da sai bayan wata huɗu za a yanke ta ba.

Binciken masana ma bai goyi bayan duk abin da aka yi zato ba. A 2015 aka buga sakamakon gwaje-gwaje shida da aka yi a ƙasashe shida, ciki har da Indiya da Maroko da Habasha, waɗanda suka nuna cewa ƙaramin rance na taimakawa, amma bai fitar da akasarin masu karɓarsa daga talauci ba. A Indiya, waɗanda suka fi cin moriyarsa su ne masu sana'ar da ta riga ta kafu.

A tabbatar kuma bankin na da lasisi. A watan Mayun 2023 kaɗai Babban Bankin ya soke lasisin ƙananan bankuna fiye da 100.

Kyauta ba rance ba

Akwai kuɗin da ba a mayarwa, sai dai masu nema sun ninka guraben sau da yawa. Gidauniyar Tony Elumelu, tun daga 2015, tana zaɓar matasa daga ƙasashen Afirka ta horar da su, ta ba kowanne dala 5,000, kuma tana karɓar wanda bai wuce matakin tunani ba. Ana nema ta intanet a farkon shekara. Hukumar samar da aikin yi ta NDE da hukumar SMEDAN kan ba da horo, wani lokaci da kayan fara aiki. Kwamitin zakka na masarautar Haɗeja ma kan raba hatsi da dabbobi da kuɗi ga mabuƙata duk shekara.

Abin da za a nema, da abin da zai biyo baya

Duk ƙofar da aka bi, takardun kusan ɗaya ne: lambar BVN, da lambar katin ɗan ƙasa, da asusun banki mai motsi na 'yan watanni, da masu tsayawa, da rajistar ƙungiya ko ta sunan sana'a a hukumar CAC idan kuɗin ya yi kauri. Rubutaccen tsarin sana'a ba sai ya yi tsawo ba. Abin da ma'aikacin banki ke nema a ciki shi ne nawa za a kashe, wa zai saya, yaushe kuɗi zai dawo, da abin da za a yi idan farashi ya faɗi. Littafin ciniki na wata shida, ko da na sayar da kifi a tire ne, ya fi shafi ashirin da aka biya wani ya rubuta a shagon kwamfuta.

Zamanin cin bashi a ɓace kuma ya wuce. Tun daga watan Agustan 2020 bankuna ke da ikon cire kuɗin bashin da ya wuce wa'adi daga duk wani asusun da ke ɗauke da BVN ɗin mai bashin, a kowane banki yake. Sunan kuma na shiga kundin hukumomin tattara bayanan masu bashi, inda sauran bankuna ke dubawa. Mai tsayawa ma ya sani cewa sa hannunsa alkawarin biya ne, ba shaidar sanayya ba.

Manhajojin rance na wayar salula na ba da kuɗi cikin mintuna, amma na kwanaki kaɗan da ruwa mai yawa, kuma wasu sun yi ƙaurin suna wajen aika saƙon cin mutunci ga 'yan uwan wanda ya makara. A 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame a kan wasunsu a Legas, ta kuma wajabta musu rajista. Su kuwa masu cewa a biya kuɗin fom ko na hanzarta fayil a asusun wani mutum kafin rance ya fito, damfara ce da kan ƙaru a duk lokacin da aka sanar da sabon shirin gwamnati.

Ga mai rancen noma, abu biyu ne ya kamata ya tambaya kafin sa hannu. Na farko inshora: hukumar inshorar aikin gona ta NAIC na biyan diyyar ambaliya da fari da kwari, gwamnati na ɗaukar rabin kuɗin inshorar amfanin abinci, amma sai an kai rahoton ɓarnar cikin wa'adin da ke rubuce a takardar, kuma yawanci kuɗin da aka kashe ake biya, ba ribar da aka yi tsammani ba.

Na biyu ranar da kuɗin ko kayan za su iso. A kwarin Haɗeja ana shuka alkama ne daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, domin ta sami sanyin hunturu. Wadda aka shuka a Janairu zafin Maris kan riske ta tana fitar da kai, amfanin ya ragu, alhali adadin bashin da wa'adin biyansa suna nan yadda aka rubuta su.